Maude, Mai Ɗanɗana wa Inji Ruwa

Kun gan shi. Kada wani daga cikinku, mutanen Batsari da Safana, ya ce mini bai taɓa ganinsa ba. Duk wanda ya kai auduga gidan gurza da ke kan hanyar da ta haɗa garuruwan nan biyu ya wuce wani tsoho a bakin ƙofa, tsugune kusa da jakunan ɗaukar ruwa, da ƙoƙo a hannu, yana kurɓa yana tofarwa. Kun yi dariya, kun ce tsufa ya fara taɓa Maude makaniki. Ba wanda ya tsaya ya tambaye shi dalili. Kuka sauke audugarku, kuka kau da kai, kuka koma gida. To, ƙarshen watan nan Maude zai bar aiki, kuma daga ranar da ya aje ƙoƙon nan, hannun wani magidanci mai suna Musbahu ya shiga haɗari. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, kuma ba zan lallashe ku ba.

Ga yadda safiyarsa take. Yana idar da sallar asuba sai ya kama hanya, ya riga kowa isa. Kafin a busa usur ya zagaye injin kaf da wata sandar ƙarfe, ya ɗora bakinta a jikin inji, ɗaya bakin a ƙashin bayan kunnensa, ya lumshe ido yana saurare kamar mai jin sirri. Daga nan ya fita ƙofa ya jira jakuna. Jaki goma sha biyu ne, kowane da garwa huɗu, sawu uku a rana. Babu garwar da za a juye a tanki sai ta bi ta harshen Maude. In ya gyaɗa kai, ta wuce. In ya yamutsa fuska, a kai wa dalbejiyar bakin hanya ta sha. Shekarar da gurza ta ja har ta shiga azumi, takanas ya tafi Tsaskiya wurin wani malami ya tambayi hukuncin ɗanɗano. Aka ce masa muddin bai haɗiye ba azuminsa yana nan. Ya dawo ya ci gaba. Shekara shida ke nan yana haka, kuma ba wanda ya sa shi.

Ga wanda bai taɓa shiga ciki ba, gidan gurza kamar jikin mutum yake. Akwai babbar tukunyar ƙarfe da ake hura wuta ƙarƙashinta. Ruwan cikinta ya zama tururi, tururi ya bi bututu ya juya babbar ƙafar inji, ƙafar ta ja bel, bel ya juya zartunan da ke raba auduga da gurya. Abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa saura. Sai dai ido ba ya ganin inda ciwo ya faro, inda ya ɓulla kawai yake gani.

A ranin shekara ta 1949 injin ya kama wani irin tari. Yana cikin tafiya lafiya sai ya shaƙe, ya yi sanyi kamar zai tsaya, bel ya yi sako-sako, zartuna su cushe da auduga. Kafin ka ƙifta ido kuma ya fizga a guje kamar dokin da ya tsinke igiya. Ya yi haka kwana biyu, ya daina kwana biyar, ya sake. Ni a lokacin sabon fitowa ne daga makarantar Midil, ina yi wa Baturen inji tafinta, wanda ma'aikata suke kira Mai Lofe. Duk abin da zan faɗa, ko na gani da idona, ko na ji daga bakin wanda ya gani.

Mai Lofe ya ce bel ne, aka canja bel. Tari bai tafi ba. Ya ce zartuna ne, aka wasa su. Ya ce mai zuba wa inji mai ne, aka kore shi. A waje kuwa, ku da iyayenku kuna zaune ƙarƙashin rumfa kuna cewa ai tun da aka sare tsamiyar wurin aka san za a rina. Har baƙin bunsuru aka yanka a bayan katanga. Aka ci nama, tari yana nan.

Sai ranar Sodangi. Sodangi shi ne mai tura auduga cikin zartuna. Injin ya shaƙe, auduga ta cushe, ya zura hannun dama don ya zaro ta kamar yadda kowa ke yi. A daidai nan injin ya fizga. Ba zan kwatanta muku abin da muka gani ba. A kan ƙyaure aka fitar da shi, aka sa shi a motar auduga zuwa asibitin Katsina, ya dawo da guntun dantse.

Da jini ya zuba, dole a sami mai laifi, kuma an same shi kafin la'asar: Mani, mai hura wuta. Aka ce gyangyaɗi yake yi, wuta ta mutu, in ya farka ya antaya itace, shi ya sa injin ke sanyi yana fizga. Maganar ta yi daɗin ji, kowa ya huta. Aka tsare Mani, aka sa ranar kai shi gaban alƙali bayan kwana goma sha biyar. Da 'yan doka za su wuce da shi, ya juyo ya dubi Maude.

"Baba Maude, wallahi ban runtsa ba. Kai ka san wutata."

"Na san wutarka," in ji Maude. "Je ka, kada ka ce komi sai na zo."

Ya juyo gare ni. "Malam ƙarami, gaya wa Bature ya ba ni mako biyu."

Na fassara. Mai Lofe ya cire lofe daga baki ya ce in tambaye shi me zai nema, tun da an riga an kama mai laifi.

"Ce masa, inda aka ji kuka ba nan aka yi duka ba."

Na yi ta fama da wannan magana a Turanci, ta ƙi shiga. Bature ya ɗaga kafaɗa ya ce ya je ya yi.

Ashe Maude ya daɗe yana wani abu da ba wanda ya kula. A bangon bayan inji, duk ranar da aka yi tari sai ya ja layi da gawayi, ranar lafiya ya ɗiga ɗigo. Ya kai ni ya nuna mini. Layi biyu, ɗigo biyar, layi biyu, ɗigo biyar, tun farkon rani.

"Kai da ka yi boko, duba. Gyangyaɗi ya san kwanan mako?"

Na ce ban gane ba.

"Layin farko kullum washegarin kasuwar Batsari yake faɗawa. Mani ba ya cin kasuwa, inji ma ba ya ci. To wa ke kawo mana tsarabar kasuwa?"

Daga nan ya fara bin sawu da baya, kamar mai neman ɓatacciyar akuya. An sa wani a madadin Mani, ƙato mai ido kamar na mujiya, kasuwa ta ci, washegari injin ya yi tari. Wannan kaɗai ya isa ya wanke Mani a wurin mai hankali, amma Maude ya ce wanke mutum ɗaya ba ya tsare hannun na gaba. Ya hana kowa kusantar zartuna, ya tsaya da sandarsa. Ya saurari zartuna, ya ce amsawa kawai suke yi. Ya saurari bel, ya ce ɗan aike ne. Da ya ɗora sanda a inda tururi ke shiga inji, ya ji wani ƙwal-ƙwal kamar an kaɗa gora. Ya murɗe ɗan famfon da ke ƙasa, maimakon busasshen tururi sai ga ruwa yana feshi. Ya tara a gwangwani, ya bari ya huce, ya murza a yatsu. Santsi kamar sabulu. Ya taɓa a harshe. Ya ce ya san wannan ɗanɗano amma ya rasa inda ya san shi.

Matarsa Atika ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya, tana dariya tana share ƙwalla. Ya dawo gida da azahar, ya tarar ta ɗora wake. Tukunya ta taso da kumfa har tana kashe wuta. Ya tsuguna gaban murhu ya ƙura mata ido.

"Malam, lafiya? Shekara talatin ban ga ka leƙa tukunyata ba. Ko yau kai za ka tuƙa?"

"Mi kika sa a ciki?"

"Kanwa mana. Wake na dahuwa ba kanwa?"

"Kullum haka take tasowa in kin sa?"

"Tun zamanin kakata. Kai dai ci ka sani."

Ya lakaci kumfar ya ɗanɗana, ya miƙe ya ɗauki takalminsa. Ta bi shi da kira, abinci fa? Ko waiwayowa bai yi ba.

Saura a gano yadda kanwa ke shiga tukunyar da ba mai dafa wake a cikinta. Gidan gurza ba shi da rijiya. Ruwansa jakuna ke kawowa daga wata rijiya mai zurfi can wajen Babban Duhu, kuma shugaban masu jakunan wani dattijo ne, Sada, mutumin kirki da bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Kasuwa ta sake ci ana saura kwana biyu a shiga gaban alƙali. Washegari da sassafe Maude ya bi jakuna a ƙasa.

"Maude, kun ɓata da inji ne ka dawo kiwon jakai?" in ji Sada.

"Na zo in ga surukai. An ce ruwanku ya fi na kowa."

Ba su kai rijiyar ba. A rabin hanya akwai mashayar Fulani, da manyan kwamaye na itace jere a bakin rafi. Makiyaya kan sayo kanwa ranar kasuwa, su kwana da ita a jiƙe cikin kwamayen, da safe shanu su sha. Abin da ya ragu, arɗon rugar yakan ce wa Sada ya kwashe, ya huta da jan guga da layin rijiya. Maude yana tsaye aka fara cika garwa. Ya ɗebo a tafin hannu ya kurɓa, ya zauna a ƙasa daɓas.

"Sada, tun yaushe kake ɗibar wannan?"

"Tun da ruwa ya ja baya. Mi ya faru? Wanga fa ruwan kanwa ne, ba na banza ba. Abin da ake ba saniya ta yi lafiya. Na ce inji ma shi samu rabonshi, shi wanke ciki."

Arɗo yana jingine da sandarsa ya sa baki. "Kaɗo, shanuna sun sha sun yi ƙiba. In naka ya sha ya yi tari, to dabbarka ce ba ta da asali."

Maude bai yi dariya ba. Ya gaya musu abin da ruwan ya yi, ya ambaci hannun Sodangi da Mani da ke tsare. Sada ya saki garwa, ya dafe kai. Ya ce, "Innalillahi. Ashe ni ne." Maude ya kama hannunsa ya ce, "Ba kai ba ne. Wa ya taɓa gaya maka? Mu ma da muke kwana da injin ba mu sani ba."

Kun saba cewa kanwa uwar gami, kuna faɗa a kan tsofaffin mata masu kai gulma. Ga ta nan ta haɗa makiyayi da mai jaki da mai wuta da mai zarto, ba wanda ya yi nufin sharri, ta ci hannun mutum.

Ana gobe shari'a Maude ya kafa murhu biyu a tsakar gidan gurza, gaban Mai Lofe da wakilin hakimi da ma'aikata duka. Tukunya ɗaya ruwan rijiya, ɗaya ruwan kwami. Ya ɗiga wa kowace ɗigon man inji, don tukunyar inji ba ta rasa ɗan maiƙo. Ta farko ta tafasa salin-alin. Ta biyu ta kumbura, kumfa ya hau ya malalo ya kashe wutar. Ya ce haka ke faruwa a ciki: kumfa ya taso ya bi bututu tare da tururi, inji ya haɗiyi ruwa ya shaƙe, in ya tofar ya fizga. Na fassara kalma bayan kalma. Lofen Bature ya mutu a hannunsa bai sani ba.

Aka saki Mani a ranar. Wakilin hakimi ya ce to sai a kamo mai jakuna. Nan ne kaɗai na taɓa jin Maude ya ɗaga murya.

"Ranka ya daɗe, in an kama Sada, gobe wani Sada zai zo. Na bi sawun nan har ƙarshe, bai tsaya a kan mutum ba. A kan rijiyar da babu ya tsaya. Gidan da ke shan sama da garwa ɗari da arba'in a rana yana roƙon ruwa a daji! A haƙa mana tamu, a rufe bakinta, magana ta ƙare."

Kowa ya ce gaskiya ne. Aka yi alkawari. Mai Lofe ya rubuta wa manyansa takarda cewa bincikensa ya gano illar ruwa, kuma ni na buga ta da hannuna. Babu sunan Maude ko a gefe. Na gani, na yi shiru, don ina tsoron kujerata. Saboda haka in na ce kun kau da kai, da ni a cikinku, kuma nawa ya fi muni don ni na iya karatu.

Shekara shida. Mai Lofe ya koma ƙasarsu da yabo. Takardar rijiya tana yawo, wannan ofis ya ce aikin wancan ne, wancan ya ce a jira baɗi. Sada ya tsufa ya bar jakuna, masu ɗibar ruwa suna canjawa kowace shekara, kowane sabo kuma sai ya ga kwamayen Fulani sun fi kusa. Abin da ya tsaya tsakanin ruwan kanwa da zartuna duk tsawon wannan lokaci, ƙoƙo ɗaya ne da harshen tsoho ɗaya.

Baba Maude, kai ne ka ƙi yarda da amsa mai sauƙi ranar da duk muka yi na'am da ita. Kai ne ka bar wakenka a wuta ka bi jakuna don wani ya kwana a ɗakinsa. Ka fitar da Mani ba tare da ka tura Sada a madadinsa ba, abin da masu manyan riguna suka kasa. Mai bin sawu har gindin tushe, na Atika, kunnen inji. Ƙarar ƙarfen da ka shekara talatin kana saurare ta cinye maka kunnuwa, yau kuma an ce ka tsufa, ka je ka huta. Ba a yi maka taro ba, ba a ɗinka maka riga ba. Mun gode, ko da yake godiyarmu ta zo a makare kuma hannu wofi. Allah Ya saka maka da abin da mu muka kasa.

Makon jiya na je wurinsa. Sai na yi ihu yake ji. Ya kama hannuna ya kai ni kusurwar gabas ta gidan gurza, inda wani baure ya tsiro shi kaɗai, ganyensa shar da rani. Ya nuna mini turken da ya kafa tun shekarar Sodangi, gara ta ci ya sake, ta ci ya sake.

"Ruwa na nan," in ji shi. "Gaba goma, in ya yi nisa sha biyu. Baure ba ya ƙarya."

Na tambaye shi sabon makanikin da aka kawo fa, ba zai riƙa ɗanɗanawa ba?

"Na ba shi ƙoƙon. Ya ce shi da sifana aka ɗauke shi, ba da harshe ba." Ya yi ɗan murmushi. "Yana da gaskiya. Aikin rijiya ne, ba aikin mutum ba. Ni ma aro na yi mata."

Muna fitowa muka wuce ta wurin zartuna. Wanda ke tura auduga yanzu shi ne Musbahu, ƙanen Sodangi, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana tsaye daidai inda yayansa ya tsaya. Na ce masa, ba ka tsoro?

"Malam, tsoro zai ciyar da gida biyu? Yaya yana zaune yana tufka igiya da haƙori da ƙafa. Muddin Baba Maude na bakin ƙofa, hankalina kwance yake."

Ya ci gaba da aikinsa. Bai san cewa saura kwana goma sha ɗaya Maude ya bar aiki ba. Ni kuma na kasa gaya masa.

Na san abin da za ku ce, na ji shi har ya ishe ni. Ƙaddara ce. Aikin Bature ne. Mu talakawa ina ruwanmu. Ku ji tsoron Allah! Ƙaddara ce ta hana ku riƙe diga? Audugar da ake gurzawa ta gonakinku ce, hannuwan da ke bakin zarto na 'ya'yanku ne. Ku da kuke nome gonar gwauro a wuni ɗaya in an buga gangar gayya, rami mai gaba goma sha biyu ya gagare ku shekara shida? An yanka bunsuru don aljanin da babu, an kasa tona ƙasa don ruwan da ke akwai.

Na sami izinin manajan gidan a rubuce, ya ce in mun haƙa ba zai hana ba. Masu ginin rijiya biyu daga Tsaskiya sun yarda su ja gaba. Saura ku. Ranar Asabar mai zuwa, da hantsi, a gindin bauren nan. Mai diga ya zo da diga, mai kwando da kwando, mai igiya da igiya. Limamai su faɗa a masallaci. Wanda ya iya karatu ya karanta wannan ga wanda bai iya ba, kada ya tsallake sunan Maude. Ba za mu tashi ba sai ruwa ya ɓulɓulo, a cika ƙoƙon nan a miƙa wa tsohon, ya kurɓa, wannan karon ya haɗiye, sa'an nan ya kife shi ya tafi gida. In kuwa kun sake kau da kai, to ranar da aka fito da Musbahu a kan ƙyaure kada in ji bakin kowa yana cewa ƙaddara. Ku tashi ku ɗauko diga.

Abdurrahim Tsaskiya
Safana, 1955